Tanar Kwarin Giyayya

Jiya da hantsi ina zaune a bakin kogi ina auna wa wani mai fatsa tana, sai ɗaya daga cikinku, ku samarin da ke kishingiɗa a kan babura kuna jiran fasinja, ya ce wa abokinsa wai in duniya ta yi masa zafi shi ma fartanya zai ɗauka ya shiga sayar da tana, tunda ba ta son jari ba ta son ilimi. Na ji shi sarai. Kunnena bai mutu ba tukuna, hannuna ne kawai ya fara rawa. Ban tanka ba saboda ina da mai saye a gabana. Amma tunda kun ce sana'ar banza ce, bari in ba ku labarinta, har da abin da ta ci mini a cikin gida. Sunana Habu, a Haɗeja aka haife ni, shekara talatin da ɗoriya ina haƙar tana ina sayar wa masunta suna sawa a ƙugiya.

Ranar farko da na bi maigidana, Baba Modu, ko fartanya bai bar ni na taɓa ba. Shi mutumin bakin Tafkin Cadi ne, da shi aka zo garin nan yana goye. Dogo ne siriri, kuma ba ya maimaita magana. Ya kai ni wata fadama a bayan Auyo ya ce in nuna masa inda tana take. Na duba hagu na duba dama, ƙasa dai ƙasa ce a idona. Na zaɓi inda ya fi laka na hau tono da hannu, har farcena ya fara ciwo ban ga ko ɗaya ba. Da na gaji sai ya yi taku uku, ya nuna mini wasu 'yan tsibi-tsibin ƙasa murɗaɗɗu a gindin ciyawa. Kashin tana ke nan. Sabo yana da laushi da ɗan sheƙi, na jiya ya bushe, na shekaranjiya kuwa kada ma ka ɓata ƙarfinka, mai gidan ta yi ƙasa. Sa'an nan ya lakaci ƙasar da ɗan yatsa ya ɗora a harshe, ya ce ni ma in yi.

"Me ka ji?" in ji shi.

"Ƙasa na ji, Baba."

"To, da sauranka."

Sai da na yi wata biyu ina lasar ƙasa kafin harshena ya waye. Akwai mai ɗan gardi, ita tana take so. Akwai mai tsami, ta inda ruwa ya daɗe yana kwance. Akwai mai kanwa, wadda ko wuni ka yi kana haƙa sai dai ka koma gida da ciwon baya.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Fartanya ce mai gajeriyar ƙota, kuma dakusasshiya muke so. Wanda ya wasa fartanyarsa ya zo haƙar tana, yanka ya zo yi. Tanar da ta yanke ba ta kai azahar, in kuma ta mutu a cikin tukunya sai ta ja sauran su bi ta, ka buɗe ka tarar da ruwa mai wari. Tukunyar ta ƙasa ce, ba roba ba, ba gwangwani ba, don kada zafi ya dafa su. Ana rufe bakinta da jiƙaƙƙen buhun algarara, a zuba mata ƙasar wurin da aka haƙo su. Amma babban kayan aikin shi ne kan ɗan yatsa. In ka kama tana rabinta na cikin rami, za ka ji ta ƙanƙame. Ka ja, ta tsinke. Sai ka riƙe ta kawai, kamar yadda ake riƙe hannun jariri, ka jira. Akwai lokacin da za ka ji ta saki jiki, nan take sai ka zare ta. Ido ba ya ganin wannan lokacin, yatsa ne yake jinsa.

Su ma ba iri ɗaya ba ne. Ja siririya ta gindin juji, ta masu fatsar ƙarfasa ce. Baƙa mai kauri ta fadama ita ce ta tarwaɗa, ita masu doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa suke nema, don tana daɗewa a ruwa tana motsi. Babban mai sayena a cikinsu Iliya ne, masunci mai ƙaton ciki da ƙorafi. Bai taɓa karɓar tana bai kushe ta ba. In sirara ne ya ce zare na kawo masa, in masu kauri ne ya ce sun yi ƙiba ba za su yi motsi ba. Yana kushewa yana leƙen ƙafafuna, kuma na san abin da yake nema.

Abin da yake nema shi ne launin taɓo. Baba Modu ya bar mini doka biyu. Ta farko, tanar da ta yi kwantai da ƙasar da ta zo a ciki, ka mayar da su inda ka ɗebo, kada ka zubar a wani wuri. Ta biyu, kada ka gaya wa kowa inda kake haƙa, ko da uwarku ɗaya. Mai tana ba shi da gona, ba shi da shinge. Mahaƙarsa ita ce dukiyarsa, kuma ranar da mutum uku suka san ta, a kwana bakwai za su juye ta su bar maka fili. Shi ya sa za ka ga mai tana zai nufi gabas amma ya fita ta yamma. Shi ya sa kuma muke wanke ƙafa tas kafin mu shigo gari, domin taɓo yana tona asiri. Na wajen garin Malam Madori ja ne, na cikin kwari baƙi ne, wani kuma toka-toka. Wanda ya sani, dugaduganka kawai zai kalla ya gane inda ka wuni. Ƙafa muke wankewa a kogi, wando kuwa sai dai a naɗe shi a kai wa matar gida.

Doka ta biyu na riƙe ta da hannu bibbiyu. Ta farko, Baba Modu na rasuwa na yar da ita. Na ga wahala ce kawai mutum ya sake ɗaukar tukunya ya koma daji don ya zubar da ƙasa. Sai na haƙa rami a bayan ɗakin matata Hajara, inda inuwa take, na riƙa juye kwantai a ciki da ƙasarsu. Na ga kaina mai wayo, har ina cewa da tsohon yana raye da ya koyi wani abu a wurina.

Hajara ɗinkin hula take yi, kuma duk unguwarmu ba wadda ta kai ta. Ba ta kallon allura in tana ɗinki, hira take yi da kai hannu yana tafiya. 'Ya'yanmu sun girma sun watse, daga ni sai ita sai agwaginta. Ita ke yayyafa wa ramin ruwa safe da yamma, ita ke sa hannu ta tsince matattu da yankakku ta watsa wa agwagi. Agwagin suka yi ɓul-ɓul, suna ƙwai kamar ba gobe. Ita kuwa ba abin da take so kamar ƙwan agwagwa, kullum sai ta dafa biyu ko uku. Ni ƙarninsa ma ba na so, ko kwanon da aka soya shi ba na ci a ciki.

Shekarar da babban ruwa ya ci gonakin shinkafa ita ce mummunar shekararmu. Da ruwan ya janye, sai ya bar rairayi a kan mahaƙuna har gwiwa. Waɗanda rairayi ya bari, ciyawar kacala ta cinye su. Bazara ta shigo, ƙasa ta tsage, tana ta yi nisa. Sai in fita da asuba in dawo da la'asar da abin da bai rufe gindin tukunya ba. Masu tana da yawa suka ajiye fartanya suka shiga dako. Ni na ƙi. Na ari kwalekwale na tsallake kogi, na riƙa kutsawa ta cikin kacala, kullum ina ƙara nisa.

Rana ta tara, wajen azahar, na faɗa wani kwari. Itatuwan giyayya ne suka kewaye shi, shi ya sa a raina na sa masa suna Kwarin Giyayya. Ƙasarsa baƙa wuluk, da danshi a tsakiyar bazara, kuma ko'ina kashin tana ne, sabo, har ba inda za ka sa ƙafa. Na yi hamdala na tsuguna. Sara ɗaya na yi, sai ga su a kwance dab da sama, manya-manya, kamar yatsun hannu.

Sai da na cika rabin tukunya na lura ba sa ƙanƙamewa. Kana kamawa suna biyo ka. Tana mai lafiya in rana ta taɓa ta sai ta hau birgima, waɗannan kuwa suna kwance a tafin hannuna shiru. Na ɗaga kai, sai na ji wurin ma haka yake. Duk inda aka juya ƙasa a fadama, kafin ka miƙe belbela ta sauka a bayanka. Nan ba belbela. Ba kukan kwaɗo a gindin ruwan da ya rage. Can gefe na hango zakaran ƙeƙuwa, tsuntsun nan mai tsegumi da ke cika daji da ihu da zarar ya ga mutum. Yana tsaye ya karkatar da kai yana kallona, bai ce uffan ba. Na jefa masa ɗan dunƙulen ƙasa. Ya yi taku biyu kamar mai maye, ya sake tsayawa.

Na lakaci ƙasar na ɗora a harshe. Ba gardi, ba tsami, ba kanwa. Wani ɗanɗano na ji da ban taɓa ji ba, kamar ka sa makulli a baki. Na tofar.

Na zaga wurin. A gindin wata giyayya na ga tsofaffin kwanukan roba rabinsu a binne, da murhun duwatsu uku da ya yi baƙi, da tsummoki, da wata 'yar kwalba ba murfi. Sai na tuna wasu baƙi da suka yi rani a wajen nan kafin babban ruwa. Da babura suke shigowa da buhuna, suna cewa dutse suke wankewa, ba sa hira da kowa, kifi kawai suke saye su koma. Na sa fartanya kusa da murhun na juya. A cikin baƙar ƙasar sai ga wasu 'yan ƙwayoyi masu walƙiya kamar narkakkiyar azurfa. Na taɓa ɗaya ta rabu biyu, suka gangara suka sake haɗuwa. Na daɗe ina kallonsu. Daga nan na mayar da ƙasa na rufe, na matsa can nesa da murhun, na cika tukunyata. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Amma rana tara na yi ina nema.

Rani biyu ina cin wurin nan ni kaɗai. Duk Haɗeja ba mai baƙar tana sai Habu. Iliya ya kushe ya ce gawa nake sayar masa, amma kullum shi ne na farko a layi. Kwantai kuwa, da ƙasarsu, ramin bayan ɗakin Hajara suke tafiya.

Agwagi ne suka fara nunawa. Uwar garken ta yi kwanci har kwanakinta suka wuce, ƙwai goma sha ba wanda ya fashe, duk baragurbi. Muka ce zafi ne. Sai toron, wanda da ba ya barin baƙo ya shigo gidan, ya daina huci. Ya koma zagaya turmi, zagaye bayan zagaye, in ya gaji ya faɗi rigingine yana harba ƙafa. Hajara ta jiƙa masa magani, ta ce ciwon kaji ne ya shigo unguwa. Kajin maƙwabta kuwa lafiyarsu ƙalau.

Ana haka, wata safiya Iliya ya zo mini da baƙuwa. Matashiya ce, da takalmin roba har gwiwa da 'yar kula a hannu, sunanta Malama Zainabu, aikinta gwajin ƙasa da ruwa. Muka gaisa, ta durƙusa kamar 'yar gida. Masu tana biyu da ke zaune kusa da ni suka matso.

"Baba, taimako na zo nema," in ji ta. "Mun sami labari wasu masu wankin zinariya sun taɓa zama a bakin kogin nan. Da zaiba suke aiki, guba ce, kuma ba ta ruɓewa. Ruwa ya shafe inda suka zauna, ba wanda ya iya nuna mana."

"To ni mene ne nawa a ciki, Malama?"

"Tana ƙasa take ci. Duk abin da ke cikin ƙasa a jikinta yake taruwa, wanda ya ci ta kuma ya kwasa, ko tsuntsu ko kifi. An ce mini ba wanda ya san ƙasar nan kamar ka. Ka taɓa ganin wani abu kamar ruwan azurfa a inda kake haƙa?"

Na kalli Iliya, ya baza kunne. Na kalli masu tanar nan biyu, sun yi kamar suna gyara buhu. Shekara talatin ana koya mini abin da ake yi in an yi irin wannan tambaya.

"Ban taɓa gani ba," na ce.

"To za ka kai ni inda ka fi samu in ɗebi ƙasa?"

Na kai ta. Muka hau babur har wata tsohuwar mahaƙata ta wajen Malam Madori, mai jar ƙasa, wadda na daina zuwa tun kafin ruwa. Na tsuguna a laka na yi mata haƙa da gaske, na samo mata 'yan tana ta zuba a leda. Tukunyar da na zo da ita kasuwa ranar ma ban bari ta buɗe ba, na ce duk ta mutum ce. Ta yi ta godiya, ta rubuta mini lambar wayarta a takarda. A hanyar dawowa na riƙa gaya wa kaina ai mutum ba ya cin tana, kifin da ya haɗiyi guda ɗaya a ƙugiya kuma me zai same shi. Agwagi sun faɗo mini a rai, na kore su. Na wanke ƙafa a kogi, na kai wando gida. Bayan 'yan makonni ta aiko ta bakin Iliya cewa ƙasata lafiya lau.

Shekara guda cur na ƙara ina zuwa Kwarin Giyayya.

Hajara ta fara cewa leɓenta ya yi nauyi, kamar ta daɗe tana tsotsar ƙanƙara. Sai tuntuɓe a tsakar gidan da ta yi shekara talatin tana sharewa. Sai ta ce in na zo ta gefenta ba ta ganina, wai duniya ta koma mata kamar mai leƙe ta bakin tulu. Aka yi maganin zazzaɓi, aka yi na hawan jini, aka yi rubutu, 'yan'uwanta suka ce iska ce aka yi turare. Da ta ƙara ramewa sai na ce ta ƙara cin ƙwai ta yi jini. Da bakina na faɗa.

Wata rana na dawo da azahar na tarar da ita a inuwa tana ɗinki. Farar hula ce da shuɗin zare. Ta yi mini sannu da zuwa, ta hau ba ni labarin bikin da za a yi a maƙwabta, hannu yana tafiya kamar kullum. Na ajiye tukunya na zauna. Sai na ga ja a jikin hular. Na duba da kyau. Allurar ta shiga ta naman babban yatsanta ta fita, ta shiga ƙyallen, ta dawo ta sake shiga yatsan. Sau huɗu ta ɗinke hannunta da hular, tana dariya tana ba ni labari.

"Hajara, tsaya," na ce.

"Me ya faru, Malam?"

"Ba ki ji komai ba?"

Ta kalli hannun, ta ɗaga shi, hular ta biyo shi tana reto. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ikon Allah, kamar hannun wata."

A bayanta toron agwagwa yana zagaya turmi. Na kalle shi, na kalle ta, na tuna tsuntsun da ya ƙi yi mini ihu. Na yanke zaren da reza na zare shi daga naman, ba ta ko motsa ba. Na shiga ɗaki na zazzage aljihunan riguna har na sami takardar nan mai lambar Malama Zainabu, na kira ta.

Bayan kwana uku ta iso. Wannan karon kwalekwale muka shiga, kuma na ce Iliya ya tuƙa mu. Muka kutsa cikin kacala. Da muka sauka a kwarin ta tsaya tana sauraro, ta ce, "Baba, ina tsuntsaye?" Na wuce gaba, ta biyo ni. Na kai ta gindin giyayya na juya ƙasa, ƙwayoyin suka fito suna walƙiya kamar jiya na rufe su. Don sabo, na lakaci ƙasa zan kai baki. Ta doke hannuna da ƙarfi. 'Yar da na haifa ta girme ta, amma na sauke hannun, na goge yatsan a wando.

Ta sa safar hannu ta ɗebi ƙasa da tana. Muka wuce gidana ta ɗebi ta ramin, ta ɗauki ƙwai, ta yanki gashin Hajara kaɗan ta sa a leda. Tana tsaye a bakin ramin ta tambaye ni tun yaushe nake zuba ƙasar can a nan. Na ce shekara uku.

"Har bara da na zo?"

"Har bara."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta kalli Hajara ta fasa. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Sakamako ya dawo yadda kuke zato. Yana cikin ƙasar, yana cikin tanar, ya fi yawa a ƙwan, yana kuma jikin Hajara. Ni ma akwai a jikina, shi ne wannan rawar hannun. Aka tura mu asibiti a Kano. Likita ya ce za a yi ƙoƙari kada ya ci gaba, amma abin da ya riga ya tafi ba kasafai yake dawowa ba, kuma da an zo da wuri da an tsira da yawa. Ya tambaye ni yaushe yatsun suka mutu. Na lissafa a raina, wata huɗu ne kawai. Ranar da na kai baƙuwa jar ƙasa, Hajara tana ɗinka hula biyu a mako.

Aka kwashe ramin aka tafi da ƙasar a buhuna. Agwagin na yanka su da kaina na binne a nesa, na tsaya a kai don kada wani ya ce asara ce ya ɗauka. Sa'an nan na zo nan bakin kogi, inda kuke ajiye baburanku, ranar da ya fi cika. Na tara masu tana da masunta, na faɗi hanyar Kwarin Giyayya dalla-dalla, daga inda ake sauka a kwalekwale har gindin murhu, na ce wanda ya haƙa a can ko ya sa igiya kusa da shi ya ɗauki alhakin iyalinsa. Na faɗi sauran mahaƙuna duka, don a gwada su. Tsofaffin sana'ar suna kallona kamar na tuɓe a kasuwa. A wata ɗaya aka juye mini masu kyaun aka bar ni da fili, yadda Baba Modu ya ce za a yi. Shi ya sa kuke ganina yanzu da 'yar jar tana ta gindin juji, ina sayar wa masu fatsa.

Abu ɗaya ya rage ban faɗa ba, kuma sai da muka dawo daga Kano da wata biyu na iya. Da safe ne, na dama mata koko na riƙe mata kofin, don ita in ta riƙe zubewa yake yi. Na ce mata ranar da baƙuwar nan ta fara zuwa bara, da ta tambaye ni ƙarya na yi mata, na kai ta wani wuri daban. Na ce da na faɗi gaskiya ranar, da yanzu tana ɗinkinta.

Ta juyo da kanta gaba ɗaya don ta same ni a cikin ɗan abin da take gani. Maganarta ta yi nauyi yanzu, sai ka nutsu kake ji.

"Na sani, Malam."

"Wa ya gaya miki?"

"Wandonka. Shekara biyu baƙin taɓo nake wankewa. Ran nan ka ce ka kai baƙuwa mahaƙarka, ka kawo mini ja." Ta huta, ta ci gaba. "Matar Iliya ta zo washegari tana bugun cikina, har ta ce wai guba ake nema. Na ce mata ban san komai ba. Na ce ba da bakina za a tona sana'ar mijina ba."

Na ajiye kofin a ƙasa don kada ya zube.

Farar hular nan tana nan, ta hana a jefar. An wanke jinin bai fita duka ba, zanen ya tsaya a rabi. Kullum kafin in fito sai ta ce in sa mata zare a allura. Da wannan hannun nawa wani lokaci sai na yi ta fama har rana ta ɗaga, shi ya sa kuke ganin ina makara. In na samu ya shiga, sai in buɗe yatsunta biyu in sa allurar a tsakani, in matse mata su. Sai ta ɗaga kai ta tambaye ni.

"Tana hannuna?"

In ce mata, "Tana hannunki."